Hoton Buzu Ba Amawali

Akwatin hoton ba sayensa na yi ba. Wani Nasara likitan dabbobi ne ya bar mani shi da ciwo ya kore shi gida, a shekarun da barikin Dakoro yake sabo. Ni lokacin a ƙarƙashinsa nake aiki, ina bin rijiyoyi ina yi wa shanu allura, wadda na yi wa in tsaga mata kunne don kada a maimaita. Karatuna bai yi nisa ba. Ƴan shekaru na yi a lakwal, makarantar Nasara, a Maradi aka sallamo ni, amma a Dakoro ta wancan zamani duk wanda ya iya karanta takardar Nasara sunansa Mushe, wato Malam a bakin Nasara, ni kuwa na ɗauki sunan da zafi. In ina tafiya, ji nake kamar alfarma nake yi wa ƙasa da nake taka ta.

Akwatin baƙi ne, bai fi a riƙe shi da hannu biyu ba. Akwai ɗan madubi a samansa. Sai ka riƙe shi daidai cibiya, ka sunkuyar da kai, ka ga mutumin da ke gabanka ya koma ɗan ƙarami a ciki, sannan ka danna wani ɗan ƙarfe a gefe. Nasaran ya nuna mani yadda ake wanke fim a ɗakin da muke ajiye magani, wanda ba shi da taga, bargo kawai ake ratayawa a ƙofa. Fim da takarda da ruwan wanki, mai tuƙa babbar motar bariki ke zo mani da su daga Maradi in ya ga dama. Abin da Nasaran bai koya mani ba shi ne ɗaukar mutum, don shi kansa ban taɓa ganin ya ɗauki mutum ba, sai tozon sa da gyambon raƙumi.

A hankalina na lokacin, tun da haske ke yin hoto, to, yawan rana shi ne kyan hoto. Sai in tsayar da mutum tsakiyar fili da rana tsaka, in ce ya ƙame, in ja da baya nesa don ƙafafunsa ma su fito. Idan na wanke, sai ka ga riga fara fat, rawani a sama, a tsakaninsu kuma wani baƙin abu da ba ido ba hanci. Ni dai ban ga laifinsa ba. Mutum ya fito a takarda, mene ne ya rage?

Wanda na fi ɗauka shi ne maƙwabcina, wani mahauci mai raha, wanda tukubarsa ke daidai ƙofar zaurena, a kan hanyar da ta nufi kara, kasuwar dabbobi. Wata ranar kasuwa ya fito da hoton da na yi mashi yana nuna wa masu cin nama, suna ta mamaki, ni kuma ina zaune gefe ina hura hanci. Sai ga wani Buzu ya tsaya.

Dogo ne, daga wajen Azagor, yana kiwon raƙuma da shanun surukinsa. Da ma akwai ƴar tsama tsakaninmu. Na taɓa iske shi a rijiya ya hana a kawo shanunsa wurin allura, wai allurata ƙafar da nono take yi, muka yi cacar baki har na ce zan kai shi gaban Kumandan, mai mulkin bariki. Hausarsa ba ta da daɗin ji, amma ya san inda ake soka ta.

Ya karɓi hoton da yatsu biyu. Ya duba, ya juya shi ƙasa ta koma sama, ya sake dubawa. Ba a ganin komai nasa sai idanu tsakanin rawani da amawali, amma na ga idanun suna dariya.

Ya ce, "Mushe, wanga gindin tukunya na wace mata ne? A ce mata ta wanke."

Tukubar nan ta ɗauka da dariya. Har mahaucin da aka zaga sai da ya riƙe ciki. Na miƙe na fizge hoton, na ce mashi mutumin da ke kwana da raƙumi bai isa ya san hoto ba. Ya ce gaskiya ne, amma ya san tukunya. Aka sake fashewa.

Kafin mako ya zagayo sunan ya bi ni. Matan da ke dawowa daga rijiya in sun hango ni da akwatin a wuya sai in ji ana raɗa, "Ga mai gindin tukunya nan." Na ƙullaci mutumin nan a raina ƙulli mai tsanani. Zan faɗi gaskiya, duk abin da na koya a harkar hoto daga baya, ba son hoto ya koya mani ba, ƙiyayyar Buzun nan ce.

Mahauci ya sha wahalata a watannin da suka biyo. Kullum in na taso daga aiki sai in ja shi.

"Zo ka tsaya nan."

"Haba Mushe, jiya ma na tsaya. Mi kake nema a fuskar nan da uwata ma ta gaji da gani?"

"Tsaya dai. Juyo nan."

"To, in ka gama ka biya ni naman da ya ƙone."

A kansa na gane cewa rana tsaka ce ke cinye fuska. Ita ke zuba inuwar rawani a kan ido, ta sa mutum ya runtse kamar mai ciwon kai. Na koma ɗauka da hantsi ko bayan la'asar. Daga nan na gane inuwa ta fi rana, musamman bakin zaure, inda mutum ke zaune cikin sanyi hasken waje kuma yana shigowa ta gefe ɗaya, ya kwanta a kumatu. Wata rana an shanya farin zane a ƙasa kusa da inda yake zaune, na duba madubin na ga ƙarƙashin haɓarsa ya yi haske, idanunsa sun fito. Tun ranar ba na ɗaukar mai rawani sai na shimfiɗa farin zane a gabansa. Na daina ja da baya, don ba wanda ya damu da ganin ƙafafunsa. Na daina tsayawa a kan mutum yana zaune, sai in durƙusa akwatin ya yi daidai da fuskarsa. Na kuma daina cewa a ƙame. Mutumin da ka ce wa ya ƙame, gawa yake ba ka. Sai in yi ta jan sa da hira, kaina a sunkuye, shi bai san lokacin da zan danna ba, don idona ba ya kansa, yana kan madubi. Wannan dabarar ce na fi jin daɗi, kuma da ita na yi ɓarna.

Hotuna suka fara kyau. Na sami tabarma na rataya a bangon zaure daga waje, ranar kasuwa in maƙala su da ƙaya, mutane su taru suna gane juna. Ga mai gishiri daga Kornaka, ga sarkin pawa, ga wani Bafillace da ya hana ni sakat sai na ɗauke shi da sansa. Ba sana'a ba ce, ba na neman komai a ciki sai a ce Mushe ya iya. Buzun ya wuce ta nan ya fi a ƙirga, ko sau ɗaya bai juyo ya kalli tabarmar ba. Wannan ya fi zagin farko yi mani ciwo.

Ran nan da hantsi ina cikin zaure sai na ji sallama. Shi ne, shi kaɗai, ya ɗaure raƙuminsa can nesa da ƙofata. Na amsa a daƙile, ban ce ya zauna ba.

Ya ce an ɗauke shi aikin gumiye, wato dogaran Kumandan masu hawan raƙumi, amma a biro, ofishin bariki, an ce sai ya kawo hoto a manna a takardarsa, kuma hoton sai fuska a buɗe. Mai hoto na sana'a sai Maradi, shi kuwa an ba shi kwanaki kaɗan. Shekarar ba ta yi kyau ba, dabbobi sun mutu da yawa a arewa, yana son aikin.

Na ce, "Ashe yau tukunya ake nema?"

Ya tsuguna a bakin ƙofa, ya yi magana da murya ƙasa-ƙasa, irin wadda ban taɓa ji daga gare shi ba.

"Mushe, ka san mu. Tun da aka naɗa mani rawani ba wanda ya ga bakina cikin mutanen da nake jin kunya. Ban daɗe da aure ba, har yanzu a zangon surukina nake zaune, tantin matata na kusa da na uwarta. Tsohon nan ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. In ya ga wanga abu, ban da wurin zama. Ka yi guda ɗaya, na biro. Kada kowa ya gani. Ka rantse."

Na san duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Shekaru na yi ina yawo cikinsu, na ga yadda saurayi ke jan amawali har gindin ido in babba ya tunkaro, na ga yadda suke cusa kofin shayi ta ƙarƙashin ƙyalle. Ba zan ce ban sani ba. Na ce, "Wallahi ba mai gani." Da sunan Allah na rantse, a cikin zaurena, ba wanda ya tilasta ni.

Na rufe ƙofar cikin gida, na saki asabari rabi a ƙofar waje don masu wucewa, na zaunar da shi inda haske ke shigowa, na shimfiɗa farin zane. Ya kai hannu ya sassauta amawalin, ya sauke shi zuwa haɓa. A biro iyakar abin da ake so ke nan, daga goshi zuwa haɓa, na sani sarai don na yi wa wasu.

Na ce, "Cire duka."

"Duka?"

"Kumandan na son ganin kunnuwa. In ba ka so, ga hanyar Maradi can."

Ƙarya ce na yi. So nake in ga ya warware shi da hannunsa a gabana.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya fara warwarewa, zagaye bayan zagaye, yana tara ƙyallen a cinyarsa. Da ya gama sai na ga wani mutum daban. Ashe yaro ne, bai kai ni shekaru ba. Shunin rawani ya rine mashi goshi da kumatu, fatar wajen bakinsa ta fi ta wajen ido haske, ga ɗan gemu da bai gama fitowa ba. Ya ɗora tafin hannu a kan bakinsa, ya kasa saukewa.

"Sauke hannun, ba amarya ba ce kai."

Ya sauke. Ya danne leɓɓansa, ya kafe ido a bango kamar wanda za a yi wa sakiya. Na danna. Wannan shi ne na biro.

Na murɗa fim ɗin, kaina na sunkuye, na ce mashi an gama. Ya saki numfashi, kafaɗunsa suka sauko, ya fara laluben bakin rawaninsa. Sai na ce, "Ashe dai kana da baki kamar kowa. Ni na zaci da ido kake zagin mutane."

Dariya ta kuɓuce mashi. Dariya ce ta gaske, ta wanda ya fito daga tsoro, kai a ɗage, baki buɗe, ga wushirya a tsakiyar haƙora. A duk zamanmu da shi, wannan ne kawai lokacin da ya sake da ni. Na danna. Ƙarar ƴar kaɗan ce, dariyarsa ta rufe ta.

Da na wanke, na biro ya fito yadda ake so, na yanka shi na ba shi, ya naɗe a ƙyalle ya tafi, har da yi mani godiya. Na biyun kuwa, ban taɓa yin hoto kamarsa ba, kuma ban sake ba. Hasken ya kwanta a rabin fuskar, ɗaya rabin yana cikin inuwa mai laushi, idanun suna ƙyalli, kana jin kamar dariyar za ta fito daga takardar. Na ajiye shi a akwatin tufafina, ina fito da shi ina kallo. Na yi ta gaya wa kaina cewa abu mai kyau irin wannan bai kamata ya ruɓe a akwati ba. Akwai gaskiya kaɗan a ciki. Amma na san ranar da na zaɓa. Na bari sai da na ji labarin surukinsa zai shigo kasuwa da raƙuman sayarwa.

Ranar na maƙala shi a tsakiyar tabarma, daidai idon mai tsaye.

Hausawa suka taru suna yabawa, suna tambayar wane ne. Na ce su canka. Buzaye suka fara wucewa zuwa kara, wasu suka tsaya. Na zuba ido ina jiran ihu. Ba abin da ya faru. Suka kalli hoton, suka kau da kai kamar yadda ake kau da kai daga mahaukacin da ya tuɓe, suka wuce. Cikinsu akwai waɗanda suke shan ruwa rijiya ɗaya da shi. Sai a lokacin abin ya faɗo mani: ba su san fuskar ba. Sun san tafiyarsa, sun san naɗin rawaninsa, sun san idanunsa a tsakanin ƙyalle, daga nesa ma za su gane zamansa a kan raƙumi. Amma wannan yaron mai wushirya, kai ba rawani, baƙo ne a wurinsu.

Can sai ga tsohon, surukin nasa, da samari na biye da shi. Dattijo ne mai kwarjini, rawaninsa na ƙyalli, yana dogara sanda. Ganin taro ya sa ya ratso. Ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, ya gane sarkin pawa ya yi murmushi da ido, har ya iso tsakiya. Ya matsa kusa.

Ya ce, "Wanga fa, ɗan wane ne? Ba shi da iyaye su rufe mashi baki? Dubi yadda ya wage shi kamar ɗan akuya na neman nono."

Samarinsa suka yi dariya. Shi ma ya yi, ya juya zai tafi.

Mahauci yana tsaye kusa da ni. Shi ya ga shigar Buzun zaurena ran nan, ya ga an saki asabari, kuma ba wawa ba ne. Ya yi sauri ya ce, "Wani baƙo ne, Baba, daga kudu ya zo, ya ma koma." Ya taka mani ƙafa da ƙarfi.

Allah ya buɗe mani ƙofar fita a nan. Da na yi shiru, da yamma in cire hoton, da ba wanda ya ji ciwo, rantsuwata ce kawai ta karye tsakanina da Ubangijina. Tsohon har ya ɗaga sandarsa. Amma na ga wahalata za ta tashi a banza, na tuna yadda aka juya hotona da yatsu biyu a wannan wurin, a gaban wannan tukubar. Har yanzu da nake rubutun nan in na tuna sai in ji zafin, ban ɓoye ba.

Na ɗaga murya na ce, "Baba, ba ka gane shi ba? Mijin ɗiyarka ne."

Tsohon bai sake kallon tabarmar ba. Ya kai hannu a hankali ya ja amawalinsa sama har ya kusa rufe idanunsa, ya juya mata baya.

Ya ce, "Ban ga komi ba." Ya tafi.

Amma samarin sun ji. Suka dawo da gudu suna ture juna, suna leƙe, wani ya rufe rabin hoton da hannu ya bar idanu, sai ya yi ƙara da harshensu, sauran suka ɗauka. Kafin azahar duk Buzun da ke kara ya zo ya gani.

Mahauci ya ce mani, "Kai dai ba mutumin kirki ba ne, Mushe. Shekara nawa ina zaune da kai ban sani ba." Ya koma wurin namansa. Na ce mashi ya ji da abin da ya dame shi.

Bayan la'asar Buzun ya iso, da ɗamarar harsashi ta aikinsa sabuwa a ƙirji. Mutane suka buɗa mashi hanya. Ya tsaya gaban tabarmar, ya ga kansa yana dariya. Ya cire ƙayar, ya cusa hoton cikin rigarsa, ya juyo gare ni.

"Ka rantse."

Na ce, "A kan na biro na rantse. Wa ya ga na biro? Wannan wani ne daban."

Haka na faɗa, a gaban jama'a, ina jin kaina mai wayo. Ya cafki wuyan rigata ya ɗaga ni har sai da dugadugaina suka bar ƙasa. Na ji warin shuni da hayaƙi. Na ce ya tuna ni ma ma'aikacin bariki ne, in ya taɓa ni aikinsa ya tafi. Ya sake ni na faɗi zaune.

Mahauci ya ce, "Tashi ka ɗauko mashi uwar, kafin a yi kisa a ƙofar gidana."

Yana nufin fim ɗin da ake fitar da hoton daga jikinsa. Na shiga na ɗauko. Buzun ya jefa shi a wutar tukuba, ya kama fuu lokaci guda, ya bar wari. Ya juya ya hau raƙuminsa.

Sauran labarin a bakin makiyaya na tsince shi, a rijiyoyi. Maganar ta riga shi isa arewa. Ƴan mata suka sa wushiryarsa a waƙa, suna yi a wurin kiɗan turmi. Tsohon bai ce mashi uffan ba, bai kore shi ba, amma duk lokacin da ya tunkaro inda ake zaune sai tsohon ya tashi ya bar wurin, kamar shi ne mai laifin. Matar ta jure na ɗan lokaci. A wurinsu tanti na mace ne, da shi take zuwa, da shi take tafiya. Wata safiya ta tumɓuke turakunta, ta naɗe fatun tantin, ta shige wurin uwarta. Ya dawo daga rangadi ya tarar da fili. Daga nan ya koma kwana a bayan bariki, inda sauran ƴan aikin ke ɗaure raƙumansu.

Na yi azumin kaffarar rantsuwa. Malamin da na tambaya ya ce wannan tsakanina da Allah ne, amma haƙƙin mutum sai mutumin ya yafe. Na ce zan nema, na yi ta ɗagawa.

Da rani ya shigo aka tashe mu rangadin allura, Kumandan ya ba da gumiye guda ya raka ni saboda makiyayan da ke gudu da shanu. Da na fito da safe sai na ga Buzun nan ne aka ba ni. Muka kama hanya, yana gaba ina baya. Aikinsa kuwa ya yi shi ba ha'inci. Ya tattaro garkunan, ya tsawata wa masu gardama, har ya riƙe mani ƙahon wani bijimi da ya so ya halaka ni.

A wata rijiya kusa da Korahane muka yada zango da rana. Wani ardon Fulani ya kawo mana fura da nono, ya zauna ana gaisawa. Buzun ya hura wuta ya dafa shayi, ya ba ardo, ya ajiye nawa a ƙasa inda zan iya miƙa hannu. Nasa ya sha ta ƙarƙashin amawali, ya kau da kai gefe, yadda suke yi. Da ardo ya tashi ya tafi, muka rage mu biyu a gindin aduwa, na ga dama ta samu.

Na ce, "Abin da ya faru, ban kyauta ba. Ka yafe mani. Ko da yake kai ma ka san kai ka fara."

Ko a neman gafarar ma sai da na soka wannan. Haka nake.

Ya kai hannu ya ja amawalin ƙasa, har wuya. Ya ɗauki ƙwaryar fura ya kafa kai, ya sha, tana zuba a gemunsa. Ya yi gyatsa. Ya karya ɗan tsinke ya shiga sakace, baki buɗe, yana fuskantata.

Wallahi daɗi na ji. Na ɗauka ya sauko ne, ya mai da ni ɗan'uwa, wanda ba a ɓoye wa komai. Na yi murmushi, na ce, "Alhamdu lillahi. Tun da har ka buɗe fuska a gabana, na san zuciyarka ta yi sanyi."

Ya tofar da abin da ya sakato. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Mushe, mutum ake rufe wa baki. Ka taɓa ganin na rufe don jakin da ke ɗauke da kayanka?"

Ya ci gaba da sakacensa. Da ya hango ardo na dawowa da wani tsoho, ya yi maza ya ja ƙyallen har gindin ido, ya gyara zama.

Haka muka ƙare rangadin, haka kuma muka ƙare shekarun da suka rage kafin Nasara su tafi. In ya gamu da ni cikin mutane, a rufe yake ruf, ko kallona ba ya yi. In ya gamu da ni ni kaɗai, a lungu ko a bayan biro, sai ya sa yatsa ya ja amawalin ƙasa, ya wuce ni da baki a buɗe, wani lokaci yana hamma. Na sake neman gafararsa, wannan karon ban haɗa da komai ba. Na aika dattawa, na aika limamin unguwarmu. Ya karɓe su da mutunci, fuska a rufe, ya ba su shayi, ya ce su gaya mani bai san wani mutum mai wannan suna ba.

Matar ba ta dawo ba. Bayan damina biyu na ji ta kafa tantinta ga wani, can arewa da Azagor.